Jar Ƙasa a Kan Farin Dutse

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da abokina da direba, sai kuma fasinjan da ya fi mu duka daraja: wani farin dutse mai sheƙi da aka sassaƙa sunan mahaifiyar abokina a kai. Shekara ke nan da rasuwarta, za a kafa shi a kabarinta a wani ƙauye kusa da Dabai, can ƙasar Zuru. Mun naɗe shi da barguna, muka kwantar da shi a kan katifa a bayan Fijo, ni kuma na dafa shi kamar mai jinya.

Ni na tsara rubutun, shi ya sa na fi kowa damuwa da dutsen tun daga tasha. Katin biki da kalanda nake bugawa, kuma tunda na sayi kwamfuta na kamu da son wasu haruffan boko da nake gani a mujallun ado da kwalaben turare masu tsada. Gefe ɗaya na harafin kauri gare shi kamar ginshiƙi, ɗaya gefen siriri kamar gashi, ga 'yan ƙafafu a ƙasa. Su na zaɓar wa marigayiya. Na kuma hana mai sassaƙa zuba baƙin fenti a cikin ramukan, wai ni fari a kan fari ya fi nuna girma. A shagonsa, inda haske ke shigowa ta gefe, rubutun ya yi kyau har na yaba wa kaina.

A dajin Birnin Gwari direba ya kashe rediyo. Ya ce shi ba ramuka yake tsoro ba, shirun hanya yake tsoro, domin in aka daɗe ba a ga mota ta taho daga gaba ba, to akwai waɗanda suka tare ta. Muka yi ta zuba ido, kowa na addu'a irin ta addininsa, har wata tirela ta ɓullo. Ban taɓa son tirela kamar ranar ba. A Tegina muka ci soyayyar doya da yaji, mai doyar ta ɗora tsadarta a kan man fetur, sai ka ce da shi take suya.

Daga Kontagora zuwa Rijau kowane rami a ƙirjina nake jin sa. A nan abokina ya ga dama ya ba ni labarin mahaifinsa: tsohon soja ne, ba ya ɗaga murya, amma ya taɓa sa kafinta ya koma gari da ƙofa a ka saboda ta karkace. Kuma bijimin nomansa ya sayar domin wannan dutse. Na ce masa da ya bari sai mun sauka.

Duwatsun Zuru suka tarbe mu da yamma, 'yan kabu-kabu na ta wuce mu da buhunan dawa. Dutsenmu ya iso lafiya, na ci tuwon dawa da miyar kuka har na ƙara, ina ganin tsoro ya ƙare.

Washegari bayan an tashi daga coci aka taru a makabarta, mata na waƙa da yarensu na C'lela. Rana na tsaka aka yaye zanen da aka rufe dutsen da shi. Na duba. Hasken ya cinye siraran layukan kakaf, ba abin da ya rage sai sanduna a jere kamar danga. Waƙar ta yi sanyi. Tsohon, mahaifin abokina, ya matso da sandarsa, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana," ya ce da ni, "ina sunanta?"

Na ce, "Yana nan, Baba." Har na fara lissafin komawa Kaduna da dutse a ka.

Ya durƙusa da ƙyar, ya bi ramukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya debi jar ƙasar kabarin, ya ce a zuba masa ruwa a hannu, ya kwaɓa, ya shafe fuskar dutsen, sannan ya goge da tafinsa. Ƙasar ta maƙale a ramukan. Sunan ya fito ja, mai kaurin da siririn duka, har 'yan ƙafafun.

Na ce masa ruwan sama zai wanke, ya bari in aiko da mai fenti.

"Kada ka aiko kowa. In ya wanke, zan zo in sake."

Na dawo Kaduna lafiya, ko dajin ban lura mun wuce ba. Abin da na koyo shi ne, harafin da aka yi domin takarda mai santsi ba ya jure ranar Zuru, kuma yanzu ba na sallamar aiki sai na fita da shi waje na dube shi daga nesa. Jiya aka yi ruwan farko. Abokina ya samu sabis ya kira gida, aka ce Baba ba ya nan, ya fita tun da safe da buta a hannu.