Abin da Baba Direba Ke Nema a Kurmi

Shagona na ɗinki yana fuskantar kurmin da ke bayan layinmu, shi ya sa duk wanda ya shiga ko ya fita sai na gan shi, ko ban so ba. A lokacin da nake ba da labari, sunan kurmi kawai ya rage masa. Bishiyoyin da ke tsaye ba su fi saba'in ba, sauran wurin juji ne: leda, tsofaffin tayoyi, fasassun kwalabe, katifun da aka gaji da su. In iska ta juyo, sai na rufe taga na yi ɗinki cikin zafi.

Baba Direba ya tare a layinmu shekara huɗu da suka wuce. Ya kama ɗaki biyu a gidan ƙarshe, wanda kowa ke gudu saboda wari. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, hannunsa na dama yana rawa in ya ɗaga kofi. Abin da muka sani a kansa kaɗan ne: ya yi shekara talatin yana tuƙa tifa, matarsa ta rasu, yana da 'ya ɗaya ma'aikaciyar jinya da ke leƙo shi ranar hutunta. Gaisuwarsa ba ta wuce kalma uku.

Bai yi wata guda ba muka fara ganinsa da sassafe yana tura baro zuwa kurmi. Yana kwashe shara, ya tara ta bakin titi inda mota ke ɗauka. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wani dogon rodi da yake tafiya da shi. Sai ya share wuri, ya soka rodin cikin ƙasa, ya zaro, ya kai bakin ƙarfen hancinsa ya sansana. Ya matsa taku uku, ya sake.

Wata rana ya tsaya a ƙofar shagona.

"Tela, ko kana da ragowar jan ƙyalle?"

Na ɗebo masa. Na ce, "Baba, me za a yi da shi?"

"Alama," in ji shi, ya yi godiya ya wuce.

Kafin mako ya zagayo, sai ga turaku sun tsiro a gefen wani kwari da ke cikin kurmin, kowanne da jan ƙyallena a kansa.

Maƙwabcina Mai Kanti ne ya fara faɗin abin da kowa ke tunani. Mutum ne da ko canjin kansa ba ya yarda da shi sai ya ƙirga sau biyu. Ya jingina da ƙofata ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Ka taɓa ganin tsohon da ya bar gadonsa ya je kwasar ƙazantar wasu kyauta? Awon fuloti yake yi. Wani mai kuɗi ne ya turo shi, yau shara, gobe bulo. Kai kuma har da ba shi tuta."

Wasu suka ce ba fili ba ne, wani abu ya binne tun yana aiki, yanzu ya manta wurin. Matata ma da ba ta shiga maganar mutane ta hana yaranmu bi ta ƙofarsa.

A cikin wannan hali ne Malama, shugabar firamaren da ke ƙarshen titi, ta kira taro. Ta ce ta gaji da ɗaure wa ɗalibai ƙafa saboda kwalba, in tsoho ɗaya zai iya share kashi ɗaya cikin huɗu na kurmi, mu ɗari ba mu da hujja. Ta samo dashen itatuwa ɗari uku daga wata ƙungiya, da safar hannu da buhuna. Aka sa duk Asabar da safe. Mai Kanti ya zo, amma ya gaya mini a kunne cewa ya zo sa ido ne.

Aiki ya yi kyau, ban ɓoye ba. Asabar shida muka fitar da shara mota goma sha ɗaya. Muka gano akwai tsohuwar hanya a ƙarƙashin juji, har da bencin siminti. Baba Direba ya fi kowa aiki, kuma ya san wurin kamar tafin hannunsa. Zai ce, "Kada ku sa hannu a nan, gilashi ne a ƙasa," a tona a ga gilashi. Wannan sanin ma ya ƙara mana zargi. Mutumin da ya zo jiya, ina ya san cikin jujinmu?

Ranar da aka zo dashe a gefen kwari ne abin ya fashe. Matan layi sun roƙi Malama a bar musu wannan ɓangaren su shuka ganye, tunda akwai danshi. Suna fara sara, Baba Direba ya taho da sauri har yana tuntuɓe, ya tsaya a gabansu ya buɗe hannuwa.

"Ban da nan. Ko'ina ku shuka, ban da cikin turakun nan."

"Baba, don me?" in ji Malama.

"Ƙasar ba ta da kyau."

"Gonar gado ce?" Mai Kanti ya ɗaga murya. "Ko har an biya kuɗin?"

Tsohon ya ƙi matsawa. Ya tsaya a wurin har matan suka kwashe fartanyoyinsu suka tafi suna tsaki.

Washegari da rana tsaka, lokacin da ya tafi asibiti karɓar magani, ni da Mai Kanti muka shiga muka tuge turakun duka, muka watsa su cikin kwari. Ba wanda ya tilasta ni. A raina ina ganin gyara nake yi.

Da la'asar na hango shi ya dawo. Ya daɗe a tsaye yana kallon wurin, sannan ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Daga baya ya taso ya nufo shagona kai tsaye, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki.

"Wata bakwai na yi ina nemansu," ya ce. "Kira mini Malama, da abokin naka."

Da suka zo, ya yi magana yana kallon ƙasa. Ya ce shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin nan duk daji ne, gidaje ba su iso ba, maigidansa ya ba shi lodi daga wata masana'anta: ganguna goma sha huɗu, a rufe, masu warin da ke sa hawaye. Aka ce ya kai inda ba kowa. Ya kawo su nan, katafila ta haƙa rami biyu ta rufe. Bai tambaya ba, ya ce, don mai 'ya a makaranta ba ya yawan tambaya. Bayan ya ajiye aiki, wata rana 'yarsa tana ba shi labarin asibiti ta ambaci cewa yaran da ke gidajen gangaren nan suna yawan zuwa da ƙuraje da ciwon ciki. Bai san ko gangunan ne ba. Har yau bai sani ba. Amma daga ranar barci ya ƙaurace masa.

"Na gano tara," ya ce. "Su ne turakun."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?" in ji Malama.

"Tsoro. Na ce bari in gano su duka tukuna, in na faɗa a yi mini duk abin da za a yi."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Mai Kanti kuwa ko gezau. Muna fita ya ce, "Ka ji dabara? Ya tsorata mu da guba, kowa ya gudu, fili ya zama nasa."

Malama ba ta tsaya gardama ba. Ta rubuta wa hukumar tsabtace gari, ta sake rubutawa, ta je da ƙafarta sau biyar. Mu kuma muka bi tsohon da rodi, ni a gaba, muka mayar da turakun cikin mako uku. Bayan wata huɗu ma'aikata suka zo da fararen riguna da abin rufe hanci, suka killace wurin. Ganga ta farko da ta fito, ruɓaɓɓiya, tana ɗigar da wani baƙin ruwa, duk layin ya ja da baya. Wata uwa daga gidajen gangare ta matso ta tofar da yawu a gaban Baba Direba. Bai ɗaga kai ba.

Sun fitar da goma sha ɗaya. Suka kwashe ƙasar wurin, suka rufe rijiyoyi biyu, suka yi masa tambayoyi kwana biyu a ofis, suka sallame shi. Masana'antar ta daɗe da rushewa, maigidan nasa ya mutu. Injinsu na binciken ƙasa bai nuna saura ba, suka ce tsufa ne ya ruɗa masa lissafi. Shi ya ce da hannunsa ya ɗaure lodin, goma sha huɗu ne.

Yanzu dashenmu ya fi ni tsawo. Ana zama a bencin siminti da yamma, tsuntsaye sun dawo har suna damun masu barcin rana. Malama ta damƙa wa Baba Direba makullin tankin ban-ruwa, abin da ya raba kwamitin kula da kurmin biyu: wasu na cewa ba wanda ya kai shi cancanta, wasu na cewa wanda ya zuba guba ba a ba shi ajiyar ruwa. Mutanen gangare ba sa amsa gaisuwarsa. 'Yarsa ta yi ta roƙonsa ya koma wurinta, ya ce sai ya gano ukun da suka rage.

Ranar Talatar da ta wuce wata baƙar mota ta tsaya bakin kurmi. Wani mai kwat ya fito, suka keɓe da Baba Direba kusan awa guda, tsohon yana nuna masa gabas da yamma. Mai Kanti ya leƙo shagona, ya ɗaga gira kawai. Na ce masa wataƙila daga hukuma ne. Amma na lura na tsayar da keken ɗinkina, ban sake taka shi ba sai da motar ta tafi.