Tsintsiyar da Suka Tsallake

Ko zan manta komai na zamana a kwaleji a Bici, ba zan manta ranar da tsintsiya ta kusa kayar da mu jarrabawa ba.

Malamin adabi ya raba mu rukuni-rukuni, ya ba namu rukunin wani gajeren labari na baƙaƙen fatar Amurka, ya ce mu fito da al'adun da ke ciki. Makin gabatarwar ne zai raba mai wucewa da mai maimaita kwas. Labarin wasu bayi ne, saurayi da budurwa, a gonar auduga. A ƙarshe wata tsohuwa ta ajiye tsintsiya a ƙasa, suka riƙe hannu suka tsallake, labari ya ƙare.

Shugaban rukuninmu, wani ɗan Tofa, ya ce ai magana a fili take. "A garinmu saurayin da aka daka da tsintsiya ma cewa ake ba zai samu mata ba. Rabuwa ake nufi."

Ni kuwa da littattafan soyayya na girma. Bayan rumbu nake ɓuya ina karatu, Inna tana nemana sussukar gero. Na ce, "Wallahi aure ne! Tsohuwa tana kuka tana murmushi, an sa wa yarinya fure a ka, kowa da wankakkun kaya. Na san ƙamshin biki."

Ya ce, "Ke dai Hajiya Soyayya! Ba waliyyi, ba sadaki, ba goro? Kada ki ja mana."

Ranar gabatarwa ɗan Tofa ya zuba bayaninsa. Malam ya ɗaure fuska, ya tambaya ko akwai mai ƙari. Ƙawata ta taka min ƙafa, amma hannuna ya riga ya tashi. Na ce, "Malam, ɗaurin aure ne."

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya buga tebur. "Hujjarki?"

Na kawo furen, na kawo hawayen, na kawo kayan. Sai ya miƙe yana tafa min! Ya ce doka ba ta san auren bawa ba a lokacin, shi ya sa suka samar wa kansu shaida da abin da ke hannunsu.

Mun wuce, har ɗan Tofa ya saya min awara. Amma a motar komawa gida Minjibir kuka na yi ta yi wa masoyan nan.

Tun ranar na koyi cewa kafin na auna labarin wasu da al'adarmu, sai na fara tambayar abin da aka hana su.