Malam Sabi'u da 'Yan Garuwarsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe ƙofar asibitinmu da safen nan aka kira ni, wai Malam Sabi'u ya rasu.

Shi ne jami'in da ke sa ido kan ɓullar cututtuka a ƙaramar hukumarmu. A hannunsa na koyi aiki.

Mun sha tsokanarsa da "Sarkin 'yan garuwa". Kowace shekara kafin ruwan farko, sai ya bar ofis ya je ya zauna a bencin masu sayar da ruwa na Unguwar Shanu da Abakpa. Ya san sunan kowa, da rijiyar da yake ɗiba, da gidajen da yake kai wa. Mu kuwa gani muke zaman hira ne kawai.

Sai shekarar da aka kawo mana yara biyu da amai da gudawa. Ina ta tambayar uwarsu abin da suka ci, shi kuwa ya ce, "Baiwar Allah, wa ke kawo muku ruwa?"

Kafin la'asar ya gano rijiyar, ya sa an rufe ta, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya.

Har da gidana a ciki.

Da kansa ya tuntsurar da duron da na cika da safe. Na ɗaure fuska, ya yi dariya ya ce, "Ki yi fushin, 'yata, kya dai kwana da yaranki lafiya." Washegari ya aiko mini da ruwan leda.

Makon jiya na duba shi a gadon asibiti. Da ƙyar yake magana, amma tambayarsa ta farko ita ce ko an kawo maganin zubawa a rijiya. Sannan ya ce, "Hadari ya fara haɗuwa. Ki je ki zauna da mutanena."

Na ce sai ya warke mu je tare. Wallahi maganar nan tana ci mini rai, don duk cikinmu babu wanda ya san rijiyoyin nan kamar shi.

Jibi zan je bencin, ni kaɗai.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya shayar da kai daga Alkausara. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya roƙa mana mu tsallake daminar nan lafiya.