Ranar da Jandarma Suka Maido Mini da Tarkacen Maigida

Ko na tsufa har na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da na share gidana a Yamai har aka kusa ɗaure mini miji ba. Lokacin babban farin nan ne, soja ke riƙe da ƙasa, mu kuma muna hayar ɗaki biyu a Zongo, ni da maigida da yaranmu.

Maigidana mutumin kirki ne, amma Allah ya jarrabe shi da tara tarkace. Keke babu taya, mataccen rediyo, kujera mai ƙafa uku, takalmi wari ɗaya, gwangwanayen madara kamar zai buɗe kanti. Duk abin da na taɓa sai ya ce, "Bar shi, zai yi amfani." Yara na kwana a takure, ni ina tuntuɓe da ƙarfe, faɗa kuwa safe da yamma. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne buhuna. A biro yake aiki, wato ofishin da ke rabon dawar taimako, kuma duk wanda ya juye rabonsa ya yar da buhu, sai maigida ya tsinto, ya naɗe, ya kawo mini gida. A zamanin kuwa kowa ya san soja ba sa wasa da wannan dawa. Ma'aikacin da aka kama da ita, iyalinsa sun daɗe ba su gan shi ba.

Wata safiya yana fita na ɗaura ɗamara. Na fito da komai waje na ce mai so ya ɗauka. Maƙwabciyata Bazabarma ta sunkuci kujerar, mai gyaran rediyo ya ɗauki nasa, mai ƙera fitilu ya kwashe gwangwanaye. Buhunan kaɗai na tara a ƙofar gida ina jiran mai gawayi ya zo ya ɗauka. Na share, na yayyafa ruwa, na sa turare, na zauna ina jin iska na ratsa ɗakina. Wallahi tun da na zo daga Damagaram ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsin ba.

Sai ga motar jandarma. Ta wuce, ta tsaya, ta dawo da baya. Babbansu ya sauko ya ɗaga buhu ɗaya, ya karanta rubutun jikinsa, ya ce, "Madam, ina dawar?" Na ce wace dawa. Ya shiga ɗaki ya ga wayam, ga shatin kaya a ƙasa inda suka shekara a jibge. Ya ce, "Yau aka kwashe kaya daga nan." Ni kuma da alfaharina na ce, "Ƙwarai, da hannuna na kwashe, kafin maigida ya dawo." Ya tambayi inda maigidan yake aiki, na faɗa masa.

Kafin azahar sun kawo shi a bayan mota, fuskarsa ta yi fari fat. Ya rantse ya maimaita cewa buhunan fanko ya tsinto su, shi dai mai tara tarkace ne. Jandarman ya nuna ɗakin ya ce, "Kai ne mai tarkace, gidanka ya fi asibiti tsabta?" Kun ji fa. Sharar da na yi ita ce ta zama shaida a kansa.

Ban tsaya neman takalmi ba, na bi gida gida ina roƙo a maido kayan. Bazabarmar ta zo da kujerar a ka tana mita da Hausarta, "Kin ba ni, kin karɓe, wannan ba kyau." Mai fitilu har ya ƙera rabin gwangwanayen, ya zo da fitilun a hannu. Keke ya dawo, rediyo ya dawo hanjinsa a waje. Aka jera komai a tsakar titi, unguwa ta taru tana kallon asirinmu.

Maigida yana zaune a motar tsakanin bindigogi biyu, ya bi kayan da ido ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka zai yi kuka. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Ina murfin tukunyar nan?" Murfin da ba shi da tukunya tun kafin mu yi aure. Mutum yana bakin kurkuku yana cigiyar murfi. Jandarman na jin haka ya ce a sauke shi, wai ɓarawon dawa ba zai yi wannan tambayar ba. Ya juyo ya ce mini, "Madam, sannu da haƙuri."

Har na fara hamdala sai ya ba da umarni. Mutanensa suka kwashi tarkacen nan kaf, har da buhunan, suka mayar ɗakina, maigida yana nuna musu mazaunin kowanne. Da zai tafi ya ce kayan shaida ne, kada a taɓa ko ɗaya sai an rufe bincike.

Ba wanda ya dawo ya rufe binciken. Aka yi ruwa, fari ya wuce, soja suka sauka, duk ranar da na kai hannu sai maigida ya ce a hankali, "A'a, kayan hukuma ne." Sai bayan shekaru, da na daina faɗa na zauna na tambaye shi labarin kowane abu, ya fara rabuwa da su da kansa, yau ɗaya, wata mai zuwa ɗaya. Har yau ban yarda cewa shara laifi ce ba. Amma na koyi cewa gidan da mutum biyu ke ciki, mutum biyu ke gyara shi. In ka fitar da kayan wani a bayan idonsa, za su iya dawo maka da rakiyar bindiga.