Ranar da Na Kira Kububuwa da Sunanta

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da na buɗe baki na kira kububuwa da sunanta a gaban dattawan garinmu ba. A shekarar da ake ta kwasar maza zuwa aikin ganuwar Birnin Damagaram ne, ina goyon fari, a wani ɗan ƙauye kusa da Zermu.

A daminar shekarar macizai sun kashe mana mutum uku. Sai tsofaffi suka ce ai kiran sunansu ne ke jawo su, kuma in an ambaci wanda ya yi saran, nan take dafin ke hawa zuciya. Aka yi ta gardama a gindin tsamiya. Liman ya ce Allah ne ya sanar da Annabi Adamu sunayen halittu, mu su wa da za mu sake? Mafarauta suka goyi bayansa. Amma bulama, mai garinmu, ɗansa na cikin mamatan, wa zai ja da shi? Aka yanke magana: daga yau babu kasa, babu gamsheƙa, babu kububuwa, kowanne sunansa igiya. Wanda ya saɓa, abin da ya biyo baya a wuyansa. Ni ma har da gyaɗa kaina, don tsoro ba ya barin mutum tunani.

Da kaka, wata rana da hantsi, na kai wa maigidana fura gona. Ya sa hannu zai ɗaga damin gero, sai na ji ya ce, "Wash!" Shi bai ga komai ba. Ni kaɗai na ga wadda ta sare shi tana sulalewa.

Kafin a kawo shi gida hannun ya kumbura suntum. Allah ya sa akwai wani baƙon wanzami, Babarbare, da ya sauka a garin. Ya buɗe zabira, ya fito da aska da ƙaho, ya ce, "Wane iri ne?"

Jama'a suka ce, "Igiya ce."

Ya ɗago kai ya ce, "Ku ji ni da kyau. Akwai wanda in ya yi sara sai a tsaga a zuƙe da ƙaho. Akwai mai tsinka jini, in na tsaga ba zai tsaya ba sai rai ya fita." Ya fara lissafo sunaye, bulama ya daka masa tsawa: "Ba a garin nan ba!"

Na shiga kwatance: gajera ce, launin ƙasa, da zane. Wanzami ya ce, "Yarinya, rabin macizan Damagaram haka suke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Surukata ta damƙe min hannu ta ce, "'Yar nan, in kika kira ta ya mutu, ke kika kashe min ɗa."

In yi shiru a tsaga shi, in yi magana in zama mai kisan miji. Wanzami ya ga lokaci na tafiya, ya yi bismillah, ya ɗora aska a kan kumburin. Ban san sa'ad da na ƙwala ihu ba: "Kububuwa ce! Kububuwa ce, kada ka yanka!"

Surukata ta ɗora hannu a ka. Wanzami kuwa ya mayar da askarsa cikin zabira, ya jiƙa sassaƙen magani ya ba maigidana, ya ce kada a bari ya motsa.

Kwana huɗu dasashinsa na tsiyayar jini, gari ya ɗauka bakina ne ya ja. Ko gaisuwata ba a amsawa. Na yi kuka har na gaji. A rana ta biyar wanzami ya kira bulama, ya nuna masa wani ɗan ƙarzanen ƙaya a ƙaurin maigidana, wanda tun ranar saran bai daina tsatsafo da jini ba. Ya ce, "Wannan fa ƙaya ce. Da aska ce fa?"

A rana ta takwas maigidana ya nemi kunu. Surukata ta dama da kanta, ta miƙo min ludayin ta ce, "Ke za ki ba shi."

Tun daga nan na san ɓoye sunan mugun abu ba ya rage masa dafi, mai magani kawai yake rufe wa ido. Jikokina duka na koya musu sunan kowane maciji, tun kafin su isa zuwa gona.