Doki da Jaki a Darar Baffa

Kakanmu ya bar 'ya'ya huɗu, kuma ba su zauna gari ɗaya ba. Babbansu, wanda muke kira Baffa, shi ya riƙe gidan gado a Gumel, yana karantar da yara, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Mai bi masa mace ce, Goggo, aure ya kai ta Maigatari. Sai mahaifina, da ya bi gona ya sauka Gagarawa bayan babbar yunwar nan, sai autansu a Sule Tankarkar. A wancan zamani, kafin ka ji an haihu a gidan ɗan'uwanka yaro ya fara rarrafe.

Baffa ne ya ɗauki nauyin haɗa labarinmu. Da an gama girbi kowane gida zai aika masa da abin da ya same su a shekarar, ta bakin masu zuwa kasuwa. Da fari wasiƙa yake rubutawa ya rarraba, har ya samu labarin cewa kafin a ƙare karanta gaisuwa mata sun koma bakin turmi, yara sun watse. Abin ya ɓata masa rai. Da shekara ta zagayo sai ga takarda ta zo mana a naɗe cikin fata, ba gaisuwa ba komai, sai zane gida-gida kamar ramukan dara, wasu gidajen ya cike su da tawada, wasu ya bar su fari. A ƙasa ya jera tambayoyi irin na kacici-kacici. Amsar kowace tambaya labarin wani ne a dangi, kuma sai ka zuba haruffanta na ajami ɗaya-ɗaya a cikin fararen gidajen, wata kalma a kwance, wata a tsaye, suna ratsa juna. Wasu sun ce a teburin wani akawu ya ga irinta a takardar Turawa. Shi dai cewa yake daga kansa ta fito. Mu muka sa mata suna darar Baffa.

A gidanmu ni ne mai warwarewa. Ina da shekara goma sha shida lokacin da ta fara zuwa, kuma na fi kowa saurin gane harafi. Ranar da ta iso, bayan la'asar akan shimfiɗa tabarma a gindin kurnar tsakar gida, Baba ya zauna, Inna ta jawo faifanta tana tsince wake, ƙanwata ta raɓe a bayana tana leƙe. Ni zan karanta tambaya da ƙarfi, kowa ya yi ta jefa amsa, ni kuma in gwada a kan allo in ga ko ta shiga. Sai Baba ya ce "rubuta" sannan in sa alƙalami a takarda. Haka muka ji matar autan su Baba ta haifi tagwaye, haka muka ji katangar gidan gado ta faɗi da damina. Ina son wannan yammaci fiye da ranar salla. Abu ɗaya ne yake ɓata mini shi, ɗan Goggo.

Damina ɗaya aka haife mu ni da shi, tare aka yi mana kaciya a Gumel, tare muka fara karatu a zauren Baffa. Ni na riga shi sauka da shekara biyu. Amma shi a bakin iyaka ya tashi, tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa Damagaram suna koro dabbobi, ya iya ciniki, ya iya dariya da baƙo, har wasu kalmomin Faransanci yake jefawa in yana son burge mu. Kuma kowace shekara labarinsa ne a tsakiyar takarda. Shekarar farko bijimi ya saya. Ta biyu raƙumi. Ta uku ya gina soro a ƙofar gidansu. Ni kuwa in na fito, a can gefe nake, kusa da inda fata ta cinye bakin takardar. Wata shekara ma amsar da ta shafe ni ita ce zazzaɓi.

Abin da ya fi ci mini rai, da bakina nake faɗin arzikinsa. Ni zan gano kalmar, ni zan furta ta, Inna ta ajiye faifai ta ce, "Kai, Allah ya yi wa yaron nan albarka," Baba ya gyaɗa kai yana murmushi, sannan ni in duƙa in rubuta da hannuna, in kyautata rubutun.

A shekara ta biyar muka haƙa rijiya a bakin gonarmu. Ƙasar wajen namu ruwanta yana da nisa, masu haƙa biyu suka gudu, ni na ci gaba da shiga da igiya a ƙugu har sama da wata guda. Fatar tafin hannuna ta saɓule sau biyu. Ranar da ƙasa ta fara fitowa da laima, mutanen unguwa suka taru a bakin ramin suna kiran sunana. Da kaina na je kasuwa na ba wani mai jaki saƙo zuwa ga Baffa, na maimaita masa sau uku don kada ya manta wanda ya shiga ramin.

Takarda ta zo. Tun kafin a shimfiɗa tabarma na buɗe ta a zaure na bi tambayoyin da ido. Rijiyar tana nan, ta tara a jeri, a ƙasa ta hannun hagu. Tambayar ta ce, "Me mutanen Gagarawa suka samu a bakin gona, wanda ya hutar da matansu tafiya?" Mutanen Gagarawa. Ko ambatona bai yi ba. Ta tsakiya kuwa ta ce, "Ɗan Maigatari ya sayar da raƙuminsa. A kan me yake zuwa kasuwa yanzu? Gida huɗu."

Ban ɓata lokaci ba na gane doki ne. Haruffa biyu na ƙarshe, kaf da ya, wasu kalmomi sun ratsa ta kansu, babu yadda za a yi da su. Amma gidaje biyu na farko babu abin da ya ratsa su. Ina tsaye a zauren na lura cewa in ka cire dal da wau ka sa jim da alif, kalmar za ta zauna daram, ba wanda zai ce ba ta shiga ba.

Da muka zo kanta a gindin kurna, ƙanwata ce ta fara cewa, "Doki ne!"

Na yi kamar ina gwadawa a allo, na girgiza kai. "Wanda ya sayar da raƙumi ina ya ga abin sayen doki? Ku duba yadda Baffa ya faɗa. Sayarwa ya ce, bai ce ya saya ba." Na nuna musu allon na ce, "Jaki ne. Ga shi ya shiga."

Baba ya karɓi allon ya duba, ya daɗe yana dubawa. "Jaki," ya ce a hankali. "To, Allah ya kyauta. Rubuta."

Na rubuta. Ban taɓa jin daɗin rubuta wata kalma kamar wannan ba, ba zan ɓoye ba. Har muka kai kan rijiya daɗin bai sake ni ba.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Inna. Ba ta ƙara tsince ko ƙwayar wake ɗaya ba. Ta ce lallai wata asara ce ta faɗa wa su Goggo a hanyar Damagaram, Baffa ne ya sakaya don kada ya kunyata su. Ta ce Goggo ita ta riƙe ta lokacin da aka kawo ta gidan tana amarya ba ta san kowa ba, ba za ta ji wannan ta zauna ba. Kwana uku tana haɗa kaya: gero sussukakke, wake, ƙullin daddawa, garin kuka. Na ce ni zan kai, ta huta. Ta ce jaje ba a aika yaro da shi. Baba ya ce in ja mata jakinmu.

Haka muka kama hanya, tana bisa, ina ƙasa riƙe da igiya. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa mata, sai in ce bari mu wuce waccan tsamiya tukuna. A Gumel muka tarar Baffa ya tafi Sule Tankarkar, matarsa ta sauke mu. Na zauna ina jiran maganar ta taso, amma Inna ba ta ce uffan ba, a wajenta karayar ɗan'uwa ba abin hira ba ce. Washegari muka wuce.

Da hantsi muka shiga Maigatari. Tun daga nesa na hango dokin a turke a ƙofar soron, akawal, baƙi wuluk yana sheƙi, an ɗaure masa jan zare a goshi. Inna ta dube shi ta ce, "Ashe suna da baƙo." Na ja igiyar jakin muka ƙarasa.

Goggo ta tarbe mu da murna, ta kawo ruwa da fura. Bayan an gaisa Inna ta tura kayan gabanta, ta sassauta murya.

"Yaya, mun ji abin da ya faru. Sai haƙuri. Ga wannan ba yawa, a rage zafi da shi."

Goggo ta dubi kayan, ta dubi Inna. "Me ya faru? Wa ya mutu?"

"A'a, maganar yaron nan. Raƙumin da ya sayar, ya koma kan jaki."

"Wane jaki?"

Daidai nan ɗan Goggo ya shigo, ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya kai mini duka a kafaɗa kamar yadda ya saba. Goggo ta maimaita masa maganar. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da tasu takardar, ya shimfiɗa a gaban Inna duk da ya san ba ta karatu, ya ɗora yatsa a tsakiya.

"Inna, doki ne. Shi ne kuka wuce a ƙofa." Sai ya juyo gare ni. "Ɗan Kawu, kai ka warware?"

"Dukansu biyu sun shiga," na ce. "Gida huɗu ne."

"Sun shiga mana." Ya fara dariya. "Kai da tun muna zauren Baffa ba ka taɓa kuskuren harafi ba, yau ka sauke ni daga doki ka ɗora ni a jaki, har ka jawo Inna tafiyar kwana biyu ta zo ta gani!"

Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, Goggo ma ta taya shi, ta ce ai tsakanin taubasai ne, wasa ne. Ita ce ta ba ni wannan mafita, na kuwa kama ta, na yi 'yar dariyar yaƙe. Inna kaɗai ce ba ta yi ba. Ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta.

Da yamma ya ja ni wajen dokin. Ya nuna mini haƙoransa, ya ɗaga kofato, ya gaya mini yadda ya yi kwana huɗu yana ciniki da wani Buzu. Babu gori a muryarsa, da gaske yake so in yaba. Ya tambaye ni rijiya, ya ce ya ji ni na shiga, ya kama hannuna ya juya tafin yana jinjina kai. Da ya yi mini gori da na fi samun sauƙi. Ya ce in hau in zaga. Na ce ƙafata na ciwo. Na tsaya ina kallo ya hau ya yi sukuwa har bakin kasuwar dabbobi ya dawo, yara suna bin sa da gudu, ni kuma ina neman aibu a jikin dokin ban samu ba.

Goggo ta ƙi karɓar geron, Inna ta ƙi komawa da shi, a ƙarshe aka raba wa maƙwabta. A hanyar dawowa Inna ba ta yi mini magana ba sai da muka wuce Gumel. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ka san doki ne tun a gida?"

"Na sani."

"To." Can ta ƙara da cewa, "Na yi kwana uku ina yi wa yaron nan kuka."

Ban san yadda ta faɗa wa Baba ba. Bai kira ni ba, bai yi faɗa ba. Ya dai ɗauki takardar ya kankare haruffa biyun da bakin aska ya gyara da hannunsa. Da kaka ta zagayo sabuwa ta zo, na wanke allo na kawo tawada kamar kullum, sai ya miƙa wa ƙanwata takardar ya ce, "Ke karanta mana."

Shekararta goma sha uku, karatunta da in'ina. Na koma kan turmi na zauna, daga nan ina hango zanen. Kafin ta gama haɗa tambaya ta farko na riga na san amsa huɗu. Ta yi ta gwadawa tana gogewa da gefen hannu, tawada ta ɓata mata yatsu, rana tana ta yin ƙasa. Sau biyu ta waiwayo ta dube ni, na kawar da kai. Da ta gano ta farkon, cewa an yaye tagwayen Sule Tankarkar, Inna ta rangaɗa guɗa, Baba ya ce, "Madalla da uwata, rubuta." Ni shekara biyar ina warwarewa ba a taɓa yi mini guɗa ba. Na tashi na ɗauki guga na ce zan je in shayar da awaki.