Tanti Salamata, Mai Farautar Karyayyu

Kafin 'yan goro su buɗe rumfa a kasuwar Rood Woko, Tanti Salamata ta riga ta tayar da motonta mai ƙafa biyu ta shigo Zango. Da an ji ƙarar a lungu, sai maza masu gemu su tuna suna da uzuri a bayan gida. Ba 'yar sanda ba ce. Aikinta nemo waɗanda aka yi wa tiyatar ƙashi, ta mayar da su randebu, wato ranar ganin likita, a asibiti.

Likitoci ne ke bincike: ƙarfen da ake zurawa cikin ƙashin cinya ya fi, ko wanda ake ɗaurawa a gefe da kusoshi? Tun farko sun ƙayyade yawan mutanen da sai an bi har su warke. In adadin ya gaza, ba a bambance aikin ƙarfe da sa'a, wahalar shekaru ta tashi a banza. Mu kuwa 'yan Zango, ranar da ƙafa ta taka ƙasa ranar muke sallamar likita. Ga shi sunan da ke katin asibiti ba mai kiranmu da shi. Nemi Jibrilla Usmanu, a rantse maka ba a taɓa haifarsa ba. Tanti ce ta san shi ne Kabo, direban goro.

Kabo ya daina zuwa randebu tun da ɗinkin ya fara ruwa. A ɗakin da aka kwantar da shi a asibiti ya ga maƙwabcin gadonsa ya shiga tiyata da ƙafa biyu ya fito da ɗaya. Sai ya kulle kansa a gida, ga zazzaɓi, ga warin da turaren matarsa Balkisu ya kasa rufewa.

"Balkisu, ina maigidan?"

"Ya tafi Yamai, Tanti."

"Ya bar sandunansa a bakin ƙofa? Lallai ya warke."

Ta ɗaga labule. Kabo na rawar ɗari, ya dafe cinya da hannu biyu.

"Tanti, don girman Allah ki ce musu na warke. Mutum ɗaya me zai rage muku?"

"Kai da ka tsufa a goro, ƙwaya biyu kake fasawa ka yanke wa huhu hukunci? In masu ciwo suka ɓuya, wa zai san halin ƙarfen? Haka za a saka wa na bayanka."

"Yankewa za su yi."

"Ban sani ba, Kabo. Amma in ka kai Juma'a a ɗakin nan, ko shawara ba za su tsaya yi ba."

Ya yi kuka, kukan da har gobe yake musantawa. Ita ta nemo taksi, ita ta zauna bakin ɗakin tiyata har aka fito da shi. Yana farfaɗowa bai tambayi matarsa ba, hannu ya kai ƙasan zane yana laluba. Ƙafar tana nan.

Tanti, ke ce kika cika adadin nan lungu-lungu, sunanki kuma ba zai fito a takardar likitoci ba. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, tsoro ya sake kama mu, mu da muke gudunki. Wa zai san Jibrilla shi ne Kabo? Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma masu ƙarfe a jiki, in wadda ta gaje ta ta shigo lungu, ku fito daga bayan gidan nan. Ita ba za ta san sandunanku ba.